Karo biyu cikin kwana huɗu: yadda buguwar kan wani ɗan baya ta sauya dokar gasar unguwanni a Gombe

Yaron, filin da dokar da ke ƙasa

Wanda wannan nazari ya bi sawunsa matashi ne ɗan shekara 17 daga wata unguwa a gefen Pantami, cikin garin Gombe. Da rana yana koyon walda a shagon kawunsa, da yamma yana buga wa ƙungiyar unguwarsu baya. Dogo ne, kuma kai ne jarinsa: duk ƙwallon da ta taso sama tasa ce. Bai taɓa suma ba, ba shi da farfaɗiya, ba a san shi da shaye-shaye ba.

Gasar ta ƙungiyoyi 16 ce, sili ɗaya ƙwale, ana buga ta a filin wata makarantar firamare a watan Nuwamban 2024. Damina ta ɗauke, filin ya bushe ƙarau, babu ciyawa sai tsakuwa. Akwai alƙalin wasa mai shaidar horo, da mataimaka biyu daga cikin unguwa. An yarda wa kowace ƙungiya canji uku. Likita babu. Kayan agajin da ke gefen fili su ne man zafi, bandeji da buhun ruwan leda.

A takarda, doka ba ta bar kan ɗan wasa haka kawai ba. Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallon ƙafa na duniya ta umarci alƙali ya tsayar da wasa idan rauni mai tsanani ne, kuma ya fitar da duk mai zubar da jini har sai jinin ya tsaya. Tun 2006 ake ba da jan kati kai tsaye ga wanda ya kai wa kan abokin karawa gwiwar hannu da gangan, kuma binciken da aka yi a kan gasar Bundesliga ta Jamus ya nuna raunin kai ya ragu da kashi 29 cikin 100 bayan wannan sauyi. Sai kuma sabuwa: daga 1 ga Yulin 2024, hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta shigar da ƙarin canji na musamman ga ɗan wasan da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, bayan gwajin da aka faro a Janairun 2021. Sai dai zaɓi aka bar wa masu shirya kowace gasa, su ɗauka ko su bari. Kwamitin wannan gasa bai ɗauka ba, domin bai ma ji labarinta ba.

Asabar, ranar farko

A wasan kwata fainal, wajen minti na 70, aka bugo kwana. Yaron ya tashi shi da ɗan gaban ɗaya ƙungiyar, goshin wancan ya sami gefen kansa na hagu, sama da kunne kaɗan. Ya faɗi, ya yi kamar daƙiƙa goma bai motsa ba, sannan ya yunƙura ya tashi, ya yi taga-taga, ya zauna.

Alƙali ya hura usur nan take, ya yi abin da doka ta ce. Aka shigo da ruwan leda biyu aka fasa masa a ka da ƙeya. Aka duba, babu jini, babu ƙulu. A lokacin ƙungiyarsu na gaba da ci ɗaya, kuma koci ya riga ya ƙarar da canjinsa uku. Fitar da yaron na nufin ƙarasa minti 20 da mutum goma.

"Kai, za ka iya?"

"Zan iya, Koc."

Iyakar gwajin da aka yi masa ke nan. Ya koma ya ƙarasa wasan, aka tashi da nasara. Abokin tsayuwarsa a baya ya faɗa daga baya cewa sau biyu yaron yana tambayarsa nawa da nawa ake, kuma da aka hura tashi ya nufi bencin abokan hamayya kafin a janyo shi. Dariya aka yi. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna irin wannan a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, lokacin da Christoph Kramer na Jamus ya bugu a ka, ya ci gaba da wasa, har ya tambayi alƙali ko wannan ne wasan ƙarshe. Can ma sai da ya ƙara kusan minti 14 a fili kafin a fitar da shi.

Lahadi zuwa Talata: abin da aka gwada a gida

Daren Asabar ya yi amai sau ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Lahadi ya tashi da ciwon kai da jiri. Mahaifiyarsa ta aika kemis, aka haɗo masa maganin zazzaɓin cizon sauro da dikilofenak. Zazzaɓin babu shi. Dikilofenak kuwa, kamar asfirin da ibufurofen, yana cikin magungunan da ake guje wa a kwana ɗaya ko biyu na farko bayan bugun kai, don idan akwai jini da ke tsiyaya a ciki suna iya ƙara shi, kuma suna danne ciwon da ya kamata a lura da hawansa. Mai kemis bai tambayi ko ya bugu ba, ɗan aike ma bai faɗa ba.

Litinin ya je shago. Bai kai awa biyu ba ƙarar injin yanka ƙarfe da hasken walda suka sa ya koma bayan shago ya haɗa kai da gwiwa. Kawun ya ɗauka gajiyar wasa ce, ya sallame shi. Talata aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, a cire mataccen jini. Wasu a majalisa kuma suka ce jifa ce daga ƙungiyar da aka fitar. Cikin kwana ukun nan babu wanda ya haɗa ciwon da karon ranar Asabar, sai shi yaron, shi kuma yana sane da cewa akwai wasan kusa da na ƙarshe ranar Laraba, kuma an ce wani mai neman 'yan wasa zai zo kallo. Da koci ya kira shi a waya, ya ce masa ya warware sarai.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo take a ƙwarya: a bugi ƙwaryar, ba ta fashe ba, amma abin ciki ya kaɗu. Ba dole sai an suma ba, mafi yawan masu irin wannan buguwa ma ba sa suma. Alamomin na iya ɗaukar har awa 72 kafin su gama bayyana. A wannan tsakani, da kwanakin da ke biye, ƙwaƙwalwa tana neman ƙarfin gyara kanta, saurin ganin abu da kauce masa ya ragu, don haka bugu na biyu ya fi saurin samuwa, ya kuma fi na farko illa. A kan matasa, wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, bugu na biyun kan jawo kumburin ƙwaƙwalwa da ke kisa.

Laraba, kwana na huɗu

Ba a kai hutun rabin lokaci ba. Golan ɗaya ɓangaren ya ɗaga ƙwallo mai nisa, yaron ya tashi a makare, abin da ba halinsa ba. Ƙwallon ta sauka masa a tsakar ka maimakon goshi, ɗan gaba ya tokare shi a sama, ya faɗo da kafaɗa da gefen wuya a busasshiyar ƙasa. Wannan karon bai tashi ba.

Kafin alƙali ya iso, mutum sun fi goma a kansa. Wani ya kama ƙafafu zai ɗaga sama, wani na neman mabuɗin mashin a sa masa a baki kada ya haɗiye harshe, wasu biyu sun kama hammata za su ja shi inuwa. Abin da ya tsayar da su wani ɗan agaji ne, magidanci mai kimanin shekara 40, da ya zo kallon ɗansa. Ya durƙusa ta saman kan yaron, ya tallafe kan da tafukansa biyu a daidai yadda ya same shi, ya ɗaga murya: "Jama'a, don girman Allah kowa ya cire hannu. Kada a ɗaga shi, kada a sa masa komai a baki."

Ya duba numfashi, yana fita daidai. Bayan kamar minti ɗaya yaron ya buɗe ido. Ɗan agajin, bai saki kan ba, ya fara tambaya a hankali: wane fili muke, rabin farko ne ko na biyu, da wa kuka buga ranar Asabar, wa ya ci. Filin kaɗai ya iya faɗa. Ya ce wuyansa na ciwo, hannun dama kuma yana masa kamar ana tsira allura har yatsu. Wannan ya isa a ɗauki lamarin a matsayin raunin wuya har sai hoto ya ƙaryata. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Abin da ke yanke laka shi ne a ciccibi mai karyayyen wuya kansa na reto.

Aka kawo dogon benci daga aji. Mutum huɗu suka mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu a layi guda, ɗan agajin na ba da umarni, aka shimfiɗa shi a kai. Aka naɗe rigunan wasa aka tokare kan dama da hagu. Mai Keke Napep ya matso, aka ce a'a, ba zai shiga a miƙe ba; aka samo a-kori-kura. A hanya ya yi amai, aka karkata shi da bencin gaba ɗaya, ba kansa kaɗai ba. Daga faɗuwa zuwa ƙofar asibiti an ɗauki kimanin minti 50. An ƙarasa wasan bayan tafiyarsu, an fitar da ƙungiyarsu.

Asibiti

Aka sa masa abin tallafe wuya, aka yi hoton CT, wato hoton na'urar da ke leƙa cikin jiki, na kai da wuya. Kuɗin hoton ya fi abin da yaron ke samu a shago cikin wata biyu. Kawun da shugaban kwamitin gasa ne suka haɗa. Sakamako: babu jini a cikin kai, babu karaya a wuya. Tsokar wuya ta bugu, jijiyar da ke sauka hannu ta matsu, kuma wannan ya lafa kafin gari ya waye. Aka kwantar da shi dare ɗaya ana duba shi.

Da safe kawun ya ce alhamdu lillahi, tunda hoto ya fita lafiya shi ke nan. Likita ya ce masa, "Malam, hoton nan jini da karaya yake nunawa. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a ciki, kuma yaronka sau biyu ya same ta." Aka sallame su da farasitamol kaɗai, da jerin abin da zai sa a dawo da shi cikin gaggawa: ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ba a iya tashe shi, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, ganin abu bibbiyu. An hana shi hawa mashin da taɓa ƙwallo.

Mako na farko zuwa na shida

Tsoro ya sa aka zarce. Mahaifiyar ta rufe shi a ɗaki, labule a sake, babu waya, babu baƙi, babu fita ko masallaci, har kwana takwas. Ciwon kan bai tafi ba, barcin dare ya lalace saboda na rana, ya zama mai saurin fushi, ƙannensa na gudunsa. Da aka koma asibiti, likita ya ce hutun da ake nufi na awa 24 zuwa 48 ne, daga nan sai motsi kaɗan-kaɗan, kamar yadda taron masana girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni, da aka yi a birnin Amstadam na ƙasar Holland, ya tsayar a 2022. Dogon zaman duhu jinkirta warkewa yake yi.

Sai aka zarce ta ɗaya gefen. Kwana na 13 bayan faɗuwa ta biyu kawun ya maido shi shago, aiki ya taru. Yini ɗaya ya maida shi baya da kusan mako guda.

Abin da ya yi aiki littafin rubutu ne na 'yan makaranta. Kowace safiya da yamma yaron na rubuta lamba daga 0 zuwa 10 a gaban abu huɗu: ciwon kai, jiri, damuwa da haske ko ƙara, da barci. Ɗan agajin, wanda ya ɗauki abin kamar nasa, yana leƙowa bayan kwana bibbiyu ya duba. Ƙa'idar guda ce: idan wani aiki ya ɗaga lamba da fiye da biyu, ko tashin ya wuce awa ɗaya, a tsaya, gobe a maimaita matakin ko a koma na baya. Ya fara da tattaki na minti 15 bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Sai sassarfa shi kaɗai. A shago aka bar masa awo da fenti da karɓar kuɗi, rabin yini, nesa da injin. A mako na huɗu lambobin suka sauka sifili suka zauna. Ya fara gudu da ƙwallo a ƙafa, sannan ba-ni-in-ba-ka da abokan wasa, babu karo, babu buga ƙwallo da kai. Kowane mataki aƙalla awa 24 ake ba shi, wasu sun ci kwana uku.

Littafin ya yi wani amfani da ba a shirya ba. Da koci ya zo a mako na uku yana cewa akwai wasan sada zumunta, mahaifiyar ba ta yi gardama ba, littafin ta miƙa masa: "Ga shi nan, Koc, jiya uku ya rubuta." Koci ya duba ya maido.

A mako na shida likita ya sake duba shi ya sa hannu. Ya yi cikakken atisaye sau biyu, ya buga wasansa na farko a farkon Janairun 2025, kwana 44 bayan faɗuwar. Mafi yawan matasa kan warware cikin mako huɗu. Nasa ya ɗan zarce. Ya koma walda cikakken yini a wannan watan.

Zaman kwamiti, Fabrairun 2025

Kafin gasar bayan ƙaramar Sallah, kwamiti ya zauna da kociyoyi. Ɗan agajin ya zo da shawara huɗu, kuma ba duka suka tsira ba.

Ƙarin canjin na IFAB ya sha suka da farko. Wani koci ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe duk wanda ɗan wasansa ya gaji zai ce ya riƙe kai ya kwanta." Amsar tana cikin dokar: idan ƙungiya ta yi wannan canji, abokiyar karawarta ma ta sami ƙarin canji ɗaya. Kwamiti ya ɗora nasa a kai, cewa duk wanda aka fitar ta wannan hanya sakatare zai riƙe katin rajistarsa kwana 21, adadin da aka aro daga ƙa'idar da Birtaniya ta fitar wa wasannin 'yan unguwa a 2023. Babu kocin da zai sayar da ɗan wasa na mako uku don canjin minti goma. Aka amince.

Inda aka daɗe shi ne wa zai yanke hukunci. Tsarin IFAB ya cire alƙali daga wannan, ya bar wa ƙungiya da likitanta, saboda an rubuta shi ne da manyan ƙungiyoyi a zuciya. A filin firamare babu likitan ƙungiya, koci ne da ɗan wasa, su biyun kuma nasara suke so. Aka tsayar cewa kowane wasa za a zaunar da ɗan agaji ɗaya wanda ba ɗan unguwar kowace ƙungiya ba, a biya shi daga kuɗin rajista, kuma idan ya ce a fitar, an fitar. Aka sa kafinta ya yi allo mai tsawon mutum da maɗauri.

Shawarar hana 'yan ƙasa da shekara 12 buga ƙwallo da kai, kamar yadda Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila kuma ta fara janye shi daga wasannin ƙananan yara a kakar 2024, ba ta wuce ba. Kociyoyi suka ce sun yarda a atisaye, ban da wasa, kuma babu mai zuwa atisayen ya duba. Sharaɗin kawo takardar likita kafin a maido kati ya wuce, amma bai yi mako biyu ba ya mutu: takardar farko da aka kawo hatimin shagon magani ne a kanta. Aka bar ƙidayar kwanaki, wadda kowa ke iya lissafawa da yatsa.

A gasar ta Afrilu an yi amfani da canjin sau uku. Biyu sun cika kwanakinsu. Na ukun ya je ya buga wa wata ƙungiya a wata gasa ta can wajen Tudun Wada kwana biyar bayan an fitar da shi.

Hukunci

Alƙalin ranar Asabar bai karya doka ba, koci ma bai karya ba. Dokar da ke hannunsu ta tsaya ne a kan abin da ido ke gani, jini da karaya, sannan ta bar sauran ga amsar yaro ɗan shekara 17 wanda abin da zai yi tunani da shi ne ya bugu. A ganina babbar ɓarnar ba karon farko ba ce, wannan ƙaddarar wasa ce da kan sami kowa. Victor Osimhen ma a gaban likitocin Napoli ya karye a fuska a Nuwamban 2021. Ɓarnar ita ce minti 20 da ya ƙarasa da wasan Laraba, kuma dukansu farashi ne ya jawo su: fitar da shi na nufin mutum goma, faɗin gaskiya na nufin rasa wasan da ake zuwa kallonsa. Ƙarin canji ya cire farashin farko. Riƙe kati ya cire amfanin ɓoyewa bayan an riga an gani, ko da yake yana iya sa wani ya daure ya ƙi faɗuwa tun farko, shi ya sa ɗan agajin gefen fili ya fi takardar muhimmanci.

Game da wuya, sa'a aka taka. Babu tsarin da ya kawo mutumin nan filin ranar Laraba, kallon ɗansa ya zo. Hoto ya nuna babu karaya, amma masu jan hammata ba su san haka ba lokacin da suka kama.

Warkewar kuwa ta jinkirta ne da abu uku da aka yi da kyakkyawar niyya: haɗin kemis, zaman duhu, da komawa shago da wuri. Babu dokar ƙwallo da ta isa ɗayansu. Abin da ya isa shi ne bayanin likita da aka maida lamba a littafi, wanda uwa za ta iya karantawa ta kuma nuna wa koci.

Katin da sakatare ke riƙewa a gasarsa kaɗai yake aiki. Yaron da ya tsallaka Tudun Wada ya nuna haka, kuma gasannin unguwanni a garin ba su da rajista guda. Kwamitin ya rubuta wa masu shirya gasa biyu mafi kusa da shi yana neman su riƙa musayar sunayen waɗanda aka dakatar. Ɗaya ya amince, ɗayan ya ce sai ya ji ta bakin kociyoyinsa.